Dami, Sikeli da Littafi: Tarihin Lissafin Gona a Ƙasar Hausa

A kakar shekarar 1912, watanni kaɗan bayan jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya tsakanin Kano da Ikko, gyaɗa ta yi wa tashar Kano ambaliya. Jakuna da raƙuma da takarkarai suka riƙa sauke kaya safe da yamma, taragai suka kasa kwashewa, kaya ya tare hanyoyi. Turawan da suka shimfiɗa dogon ba gyaɗa suka sa rai da ita ba. Auduga suke so domin masaƙun Ingila, kuma ƙungiyar bunƙasa noman auduga da aka kafa a Manchester a 1902 ta riga ta ɗauka cewa ƙasar Hausa, mai daɗaɗɗen tarihin saƙa da rini, ita ce za ta biya musu wannan buƙata. Manomin Kano ya ji abin da aka taya audugarsa, ya ji abin da aka taya gyaɗarsa, ya zaɓi gyaɗa. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ba ta kai tan 2,000 ba a 1911, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Babu malamin gona da ya ba da wannan shawara, babu kuma hukumar da ta yi umarni da ita.

Da wannan labari ya kamata a fara duk wata magana kan amfani da bayanan gona wajen yanke shawarar kasuwanci, domin yana rusa zaton da ya yaɗu cewa manomin Hausa ya gaji noma ne ido rufe, sai yanzu za a koya masa lissafi da waya da kwamfuta. Tarihin shekaru ɗari da ɗoriya ya nuna wani abu dabam. Manomi ya daɗe yana ƙirga, yana aunawa, yana kwatanta bana da bara. Abin da ya kufce masa shi ne rubutaccen lissafi, wanda tun zuwan Turawa ya zauna a hannun mai karɓar haraji da mai sayen amfani da hukumar ciniki. Duk lokacin da adadi ya kasance a hannunsa ya yi zaɓi mai kyau, duk lokacin da ya koma hannun wani kuwa da shi aka ci guminsa. Saboda haka kafin a tambayi yawan bayanan da za a tara a kan gona, sai an fara tambayar wanda littafin zai kwana a ɗakinsa.

Tsohon lissafin gona a dami ya tsaya. Idan an yi girbi aka ɗaure gero da dawa, maigida yana tsaye a bakin gona yana ƙirga dammuna kafin a kai rumbu, kuma ya san dami nawa gandu ke ci daga kaka zuwa kaka, nawa za a ware na iri, nawa na biki da suna, nawa za a rufe ba za a taɓa ba sai damina ta faɗi ana aikin gona. Ya san gonar jigawa ta ba da kaza bara, ta fadama ta ba da kaza. Addini ya ƙara wa wannan ƙirga ƙarfi, domin zakkar hatsi ba ta fita sai da awo: sai amfani ya kai nisabi na wasƙi 5, wato sa'i 300, sannan a fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya shayar da shi, ko rabin haka idan da wahalar ban ruwa aka noma shi. Malamai kuma suna riƙe da lissafin taurari 28, kusan kowanne da kwana 13, manomi na tambayar ko Zira'a ta kama, ko an shiga Nasara ko Ɗarfa, don ya san lokacin shuka bai wuce ba. Har sarautar noma ma da adadi ake hawa ta, domin a wasu sassan Katsina da Maraɗi sai mutum ya tara dami dubu ake kiransa sarkin noma. Al'ummar da ta ɗaura girma a kan ƙirga ba za a ce ba ta san darajar ƙirga ba.

Irin wannan ido aka sa wa gyaɗa da auduga a 1912. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn, wanda ya bi diddigin wannan zamani, ya nuna dalilan da suka rinjayi manoma. Farashin da Turawa suka yanka wa auduga bai kai wanda masaƙan gida ke biya ba, don haka mai auduga ba shi da dalilin kai ta kanti. Auduga tana cin aiki, tana gajiyar da ƙasa, kuma in kasuwa ta faɗi ba a tuwo da ita. Gyaɗa kuwa tana son ƙasar Kano mai rairayi, tana shiga tsakanin gero da dawa ba tare da an kore su daga gona ba, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, in ba a sayar ba mata su matse mai su yi ƙuli-ƙuli. Labarin farashi kuma ya isa ƙauye ta bakin mutanen da manomi ya yarda da su. Fataken goro, Agalawa da sauransu, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja da riƙe asusun bashi, su ne suka baza yaransu cikin karkara da gishiri da tufafi da kuɗin kafin alƙalami. Daga cikinsu aka sami Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, sannan Alhassan Ɗantata wanda ya zarce kowa. Manomi ya sami farashi biyu da zai kwatanta, ya san aikin da kowane amfani ke ci, ya san ƙasarsa. Abubuwa ukun nan sun ishe shi ya ga abin da Manchester ba ta gani ba.

Mai ja da wannan magana zai ce ai shekara guda bayan haka ruwa ya ɗauke, aka shiga yunwar 1914 wadda ake kira Kakalaba, mutane masu ɗimbin yawa suka mutu, ashe lissafin da ya tura manomi ga gyaɗa shi ya bar rumbunsa wayam. Zancen yana da nauyi, amma bai cika ba. Farin 1913 ya mamaye yankin gaba ɗaya, har wuraren da ba su san cinikin gyaɗa ba, a Borno da ƙasar da Faransa ke mulka ta arewa. Abin da ya ƙara wa yunwar zafi shi ne harajin da aka mayar na tsabar kuɗi, ana neman sa da kaka, lokacin da hatsi ya fi arha, har mutum ya fasa rumbu don ya biya. Duk da haka akwai gaskiyar da dole a karɓa. Manomi ya san farashin yau da gonarsa, amma bai san yawan hatsin da ke cikin lardi ba, ba shi kuma da tarihin ruwan sama a rubuce da zai gaya masa sau nawa irin wannan fari ke dawowa. Lissafinsa daidai ne a iyakar abin da idonsa ke kaiwa. Bai kuma watsar da gyaɗa ba: bayan ja da baya a 1915, abin da aka fitar a 1916 ya haura tan 50,000, amma hatsi ya ci gaba da zama a gaba, gyaɗa tana biye, darasin da manoman Kano suka riƙe shekaru da dama.

Rubutaccen lissafin gona ya shigo karkara ne ta ƙofar haraji, kuma wannan ya bar tabon da har yau bai goge ba. Kafin Turawa su ci Kano a 1903 akwai kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da na rafi, amma mulkin mallaka ya so adadi tsayayye a kan takarda. Aka ɓullo da awon taki, wato auna gona da takun ƙafa, aka baza malaman taki suna zagaya gonaki suna rubuta faɗi da tsawo, a kan abin da suka rubuta ake yanka wa mutum haraji. Manomi bai iya karanta takardar ba, ba a bar masa kwafi ba, kuma takun malami na iya tsawo ko gajarta gwargwadon yadda aka sallame shi. Makiyayi ma haka ya gamu da jangali, inda ƙirga shanu ke nufin biya. Daga nan talaka ya ɗauki darasin da babu wanda zai zarge shi a kansa, cewa baƙo mai alƙalami da ya tambayi girman gona ko yawan dami ba alheri ya kawo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jami'in da ke kukan cewa manoma suna ɓoye masa gaskiya a yau, gadon malaman taki ne ya tarar.

A kasuwa ma haka abin ya kasance. Gyaɗa ta bar dami da mudu ta koma sikeli, sikeli kuwa na mai saye ne. Tsakanin manomi da kamfani akwai 'yan baranda, akwai wakilin saye, kowa da rabonsa, kuma wanda ya ci bashi da damina ya riga ya sayar da amfaninsa tun yana ƙasa. A lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta karɓe cinikin, bayan yaƙin aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, aka mayar da ita ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa a 1954. Hukumar ta san farashin Landan, ta san kuɗin jirgi, ta san tan nawa aka saya a kowace tasha. Manomi farashi guda ya sani, wanda aka sanar a farkon kaka. Gerald Helleiner ya lissafa cewa daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga aljihun mai gyaɗa an riƙe shi ta hanyar haraji da rarar hukuma. Za a ce da kuɗin an yi hanyoyi da makarantu, kuma an yi. Amma wanda aka cire daga guminsa ba a nuna masa asusun ba, balle a nemi yardarsa. Dalar gyaɗa, mai ɗaukar buhu kimanin 15,000 kowace ɗaya, an san adadinta buhu-buhu a ofis, alhali wanda ya noma ta bai san nawa buhunsa ya kai a bakin teku ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai lokacin da rubutu ya tsaya a bayan manomi, kuma yana da kyau a daɗe a kansa. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 ta kuma zama cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta shafe shekaru tana gwaji a kan amfani guda a fili guda, malaman gona kuma suna koyar da shuka zalla a layi, suna ɗaukar haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya a matsayin rashin wayewa. A 1966 da 1967 David Norman da abokan aikinsa suka zauna da ƙauyuka uku na Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Ma'aikatansu suka riƙa ziyartar gidaje fiye da ɗari sau biyu a mako har shekara ta zagayo, suna rubuta wanda ya je gona, sa'a nawa ya yi, me ya kashe, me ya girba. Da aka tattara alƙaluman sai ga shi gonar haɗi ta fi gonar zalla kawo kuɗi a kowace eka, ta fi ta tabbas in shekara ta gurɓace, ta kuma fi biyan wahala a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai, sa'ad da hannu ke ƙaranci. Binciken da ya biyo baya a Daudawa ya bayyana abin da ke sa manomi jinkirta shukar auduga zuwa Yuli duk da an ce masa ya shuka a Yuni: ranar aiki guda a wannan lokaci ta fi tsada a gonar abinci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin lura shi ne, masanin tashar yana auna buhu a kowace eka, manomi kuwa yana auna abin da ranar aikinsa ta kawo da abin da zai tsira da shi in ruwa ya yi gardama. Ma'aunin manomi shi ne na ɗan kasuwa.

A cikin ƙauye ɗaya ma ba kowa ke cin moriyar lissafi daidai ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta ga yadda farashin hatsi ke faɗuwa da kaka ya tashi da bazara da tsakiyar damina, da yadda masu hali ke saye su adana su sayar in ya yi tsada, talaka kuwa ya sayar da arha don haraji da bashi, ya dawo ya sayi hatsin da tsada, har ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani daidai lokacin da tasa ke neman noma. Wannan ya nuna iyakar magana, domin sanin cewa farashi zai tashi ba ya amfanar wanda mai bashi ke tsaye a ƙofarsa. Bayani ba ya zama riba sai da rumbu da ɗan jari da zai ba mutum damar jira. Amma ko a nan lissafi na da aiki, domin shi ne ke nuna wa mutum ainihin tsadar bashin da ake biya da dami. Wanda ya karɓi dami ɗaya da damina ya biya biyu da kaka, in ya ga abin a rubuce shekara uku a jere, ya san cewa ramin da dukiyarsa ke zurarewa ba a gona yake ba.

To in lissafin ka ya yi wa kakanni aiki haka, me ya sa za a nemi littafi yanzu? Saboda noman da lissafin ka ya dace da shi ya canza. A da iri na gida ne, taki daga turke da bola yake, aiki na 'yan gandu ne, abin da ake ƙirgawa dami ne kawai. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya gyaɗar Kano. Ayyukan raya noma da Bankin Duniya ya tallafa a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 suka yaɗa masara da takin zamani, a 1986 kuma aka rushe hukumomin ciniki, farashi ya koma hannun kasuwa. Yau manomi yana sayen iri da taki da maganin feshi da man injin ban ruwa, yana biyan tarakta da 'yan ƙwadago, da nairar da darajarta a ranar shuka ba ita ce darajarta a ranar girbi ba. Gandu ya watse, tsohon da ke riƙe da tarihin kowace gona a kansa ya tafi da shi. Ƙwaƙwalwa tana riƙe shekarar da aka yi dace da shekarar da aka yi asara, amma ƙananan kuɗin da ke fita kullum sulalewa suke yi. Shi ya sa mutum zai cika ɗaki da buhunan masara, gari ya yaba, alhali in an cire abin da ya kashe, 'yar gonar wakensa ta fi kawo masa riba.

Sauran uzurin ƙin riƙe littafi biyu ne. Wasu na ganin ƙirga arziki yana kore albarka, wasu na cewa manomi bai yi boko ba. Na farko bai da tushe a addinin da ya wajabta awo kafin zakka, wanda kuma ayar da ta fi kowace tsawo a littafinsa take magana kan rubuta bashi. Ɓoye sirrin rumbu ga idon jama'a mutunci ne, amma ɓoye shi ga mai rumbun kansa asara ce. Na biyu kuma ya manta cewa fataken da suka kafa cinikin gyaɗa da ajami suka riƙe asusunsu, kuma da wuya a sami gida yau babu mai rubuta boko ko ajami. Abin da ake buƙata bai da yawa: ranar shuka da irin da aka shuka, abin da aka kashe a kowace gona dabam, kwanakin aiki har da na 'yan gida, buhun da aka samu, farashin ranar girbi da na ranar da aka sayar. Shekara uku na wannan sun isa su nuna gonar da ke cin taki ba ta biya, da amfanin da ya kamata a rage, da watan da ya fi dacewa a fitar da kaya.

Rajistar manoma da gonakinsu ba ta tsaya a zamanin Turawa ba. An yi ta a 2012 don rabon taki ta wayar hannu, an yi ta a shirin bashin noma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, yanzu kuma kamfanoni na auna gonaki da tauraron ɗan'adam. Babu laifi a awo, kuma hasashen damina da hukumar yanayi ke fitarwa kowace shekara shi ne ainihin abin da manomin 1913 ya rasa. Amma tarihi ya ba da ma'aunin da za a gwada kowane shiri da shi. In an auna gona, a bar wa mai ita sakamakon cikin harshen da yake ji. In an ɗora buhunsa a sikeli, ya ga allurar da idonsa. In ƙungiyar manoma ta tara alƙaluman 'ya'yanta, su zama makaminta wajen ciniki da banki da mai saye. Shirin da ya kwashi bayani ya tafi da shi birni bai dawo da komai ba, awon taki ne ya sake riga. Maigidan da ke tsaye a bakin gona yana ƙirga dammunansa ba wani ya aiko shi ba, don kansa da iyalinsa yake ƙirgawa, shi ya sa ba ya ƙara ko ɗaya, ba ya kuma ragewa. Littafin gona zai yi gaskiya ne kawai ranar da ya zama irin wannan ƙirga.